Gyara Ma Yana Iya Ɓatawa, Amma Ba Dalilin Guje Masa Ba Ne

Jiya da daddare gardama ta kaure a hostel ɗinmu. Wani ɗan ajinmu ya sabunta kwamfutarsa saura kwana biyu ya gabatar da furojet, da ya sake kunnawa sai ta ƙi tashi. Nan take mutanenmu suka yanke hukunci: "Ai tunda abu na aiki, kar ka taɓa shi." To ni dai ban yarda ba.

Bari ku ji yadda abin yake. Idan aka gano rami a Linux, ana fara toshe shi ne a sabon zubi. Daga nan sai a ɗauko gyaran a mayar da shi kan tsofaffin zubin da yawancinmu ke amfani da su. Nan wahalar take, domin facin da aka yanka wa sabuwar riga ba lallai ya zauna a tsohuwa ba. A Janairun 2018, da aka fitar da gyaran Meltdown na Ubuntu 16.04, wasu kwamfutoci sun ƙi tashi. Cikin ɗan lokaci aka fitar da wani gyaran.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian ya cire ɗan layi don ya kawar da wani gargaɗi. Ashe ya karya yadda ake haɗa makullan sirri, har yawan makullan da za a iya samu ya koma 32,000 da ɗoriya kacal. Sai a 2008 aka gano. Me suka yi? Suka fito fili suka faɗa, suka gyara, suka ce kowa ya sake makulli.

Wannan shi ne abin da nake so mu ɗauka. Kuskure dole ne. Abin kunya shi ne ɓoye shi, ko nacewa a kai. A Linux, in gyara ya kawo matsala, ana janye shi, a rubuta dalili kowa ya gani, sannan a sake zama a kai.

Kai kuma da ka rantse ba za ka ƙara sabuntawa ba, ramin da aka toshe fa an riga an sanar da duniya. Masu kutse sun karanta, kai ne ka bar ƙofa a buɗe.

Shawarata: kar ka sabunta ana gobe jarrabawa. Ajiye kwafin aikinka a filasha. In ta ƙi tashi, shiga GRUB ka zaɓi tsohon kernel, galibi yana nan. Haka muka yi wa mutuminmu, ta tashi sarai. Sannan ka kai rahoto, don na bayanka ya tsira.

'Yan ajin ƙarshe, Allah Ya ba da sa'a.