A Kai Su Gaban Alƙali

'Yan'uwa na rassa, magana ta yawaita a kasuwannin Maraɗi da Tibiri, wai duk wanda aka kama da zargin ta'addanci a miƙa shi ga kotun soja a gama da shi nan take. Masu faɗin haka suna da hujja. Wanda 'yan bindiga suka sace wa ɗa a wajen Madarunfa, ya sayar da shanunsa ya biya fansa, ba ya son jin zancen lauya. Mun ji. Amma ba mu yarda ba.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana shari'ar gaggawa. A 1964 aka kwashe mutane daga Jiratawa aka cusa su cikin ɗakin tsaro, mutum 21 suka mutu don rashin iska, ko inuwar alƙali ba su gani ba. A watan Oktoba na shekarar, da 'yan Sawaba suka shigo da makamai, Kotun Tsaron Ƙasa ta gwamnatin Diori Hamani ta zauna, cikin 'yan kwanaki aka harbe mutum 4 a Yamai a bainar jama'a. To, ina aka kwana? A 1974 soja suka kifar da Diori, shi ma aka tsare shi shekara da shekaru ba shari'a. Wanda ya rushe katangar alƙali don ya kama maƙiyinsa, ran da aka biyo shi ba shi da wurin fakewa. Haka kumandan yake ɗaure kakanninmu da bakinsa kawai, sai 1946 aka soke wannan doka. Ashe za mu roƙi a maido mana ita da hannunmu?

Ana cewa kotun soja ta fi sauri. Ku dubi Amurka. An kama Khalid Sheikh Mohammed a 2003 bisa harin 11 ga Satumba 2001, aka ba kotun soja ta Gwantanamo, har 2024 ba ta yanke masa hukunci ba. Zacarias Moussaoui kuwa, kotun farar hula ta ɗaure shi rai da rai tun 2006.

Nijar tana da kotun soja tun 2003. Ta hukunta sojan da ya yi bore, wannan aikinta ne. Manomi da makiyayi da ɗan kabu-kabu ba soja ba ne. Hafsan da aka kashe wa yara jiya, yaya zai auna shaida da sanyin zuciya yau? Sau nawa kuma gabar gona take sa maƙwabci ya kira maƙwabcinsa ɗan ta'adda?

Laifin kotun farar hula jinkiri ne, mutane na ruɓewa a kason Kollo da Kutukale suna jira. Maganinsa an gwada shi: a 2018 alƙalan da ke shari'ar Boko Haram suka tashi daga Yamai suka zauna a Diffa, aka ɗaure wasu, aka saki wasu. Abin da muke nema ke nan ga jihar Maraɗi. A ƙaro alƙalai, a kare masu shaida, a yi zaman a nan, ƙofa buɗe, inda dangin wanda aka kashe da dangin wanda ake tuhuma za su ji da kunnensu.