Aikin Yi Ya Fi Sadaka

A shekarar 1929 ciniki ya karye a Amurka. Masana'antu suka rufe, bankuna suka durƙushe, hatsi da auduga suka yi arha har manomi ba ya fid da kuɗin wahalarsa. Ya zuwa 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya yana zaune ba aiki.

Da Roosevelt ya hau mulki a wannan shekara, sai ya kafa wata rundunar aikin daji da aka sani da CCC. Aka riƙa ɗaukar samari marasa aure, 'yan shekara 18 zuwa 25, daga gidajen da talauci ya kama. Gwamnati ce ke ci da su, ta ba su tufafi da makwanci, ta biya kowa dala 30 a wata. Amma da sharaɗi: dala 25 gida za a aika wa iyaye.

Hikimar tana nan. Kuɗin da ya isa hannun talaka ba ya kwana. Gobe yana wurin mai awo da mai kanti, sai kasuwar ƙauye ta motsa. Sa'an nan aikin ba na shiririta ba ne. A lokacin, fari da guguwar ƙura suna kwashe ƙasar gonaki, ruwa kuma yana zaizaye wasu. Samarin nan suka tare kwazazzabai, suka yi wa gonakin gangare shingen ƙasa, suka dasa itatuwa wajen miliyan dubu 3. Kafin a rufe shirin a 1942, mutum kamar miliyan 3 sun ci abinci a cikinsa.

Ba a rasa masu suka ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun ce dala guda a yini za ta karya ladan lebura. An ware baƙaƙen fata a sansani dabam, mata kuwa ba a ɗauke su ba. Kuma shirin bai warkar da ciniki ba, sai da yaƙin duniya na biyu ya buɗe masana'antu.

Duk da haka, abin koyi ne ga kowace hukuma. In kasuwa ta mutu, a sayi ƙarfin talaka maimakon a miƙa masa sadaka. Amma a zaɓi aikin da zai bar amfani a ƙasa, a kuma ɗauki mutane don bukatarsu, ba don sanayya ba. Sadaka takan ƙare ran da aka cinye ta, itace kuwa har jikoki su sha inuwarsa.