Mai Kamun Ƙafa Da Kundin Sani

Akwai wata gardama da kan taso duk sa'ad da aka zauna tsara kundin sani, watau littafin da ke tattara labarin mutane da garuruwa bisa jerin haruffa. Sai dangin wani su zo su ce a sa sunan ubansu, wai don a zamaninsa ba ƙofar ministan da ba ta buɗe masa a Kaduna. Wannan hujja ba ta isa ba ko kaɗan.

Mai kamun ƙafa shi ne wanda ba a zaɓe shi ba, ba a kuma naɗa shi ba, amma yana shiga tsakanin mai bukata da mai mulki. Kaduna ba ta taɓa rasa irinsu ba tun da ta zama hedkwatar Jihar Arewa. Da an ce majalisa za ta zauna a Lugard Hall, sai su cika zaurukan manya, wani na neman kwangila, wani na nema wa ƙanensa hakimci. To, me suka bari wanda marubuci zai dafa?

A duba Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Agusta na 1950 ya miƙe cikin majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, alhali sarakuna ba su so. Maganarsa tana rubuce, kowa na iya bincika ta, ya yaba ko ya kushe. Shi kuwa mai kamun ƙafa raɗa ce jarinsa, aikin da ya yi bayan sallar isha'i ba ya shiga fayil. Gidan Sardauna, wanda ya zama Arewa House a 1970, cike yake da takardu, amma takarda ba ta riƙe abin da aka faɗa a kunne.

Wasu na cewa ai irin waɗannan mutane su ne ke juya ƙasa a ɓoye, barinsu waje ha'inci ne ga tarihi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A 1987 Bala Takaya da Sonni Tyoden sun fitar da littafi sukutum a kan rukunin da ake kira Kaduna Mafia. Wanda masana suka bi sawunsa haka, lalle a sa shi. Amma fa a sa shi duka, da alherinsa da ɓarnarsa, da wanda aka danne don nasa ya samu. Nan ne dangi kan ja da baya, don kirari suka zo nema.

A Amurka, tun dokar 1995, dole mai wannan sana'a ya yi rajista, ya faɗi wanda ya aike shi da kuɗin da aka biya. Can marubuci yana da madafa. A Kaduna kuwa abin da dangi kan kawo shi ne hoton ubansu tsaye bayan Firimiya a filin jirgin sama.