Ciniki ya ja baya, kada a huce kan ma'aikaci

Harin Cappuccino a 2016, na Aziz Istanbul a 2017, sai annobar korona a 2020, duk sun taɓa cinikin gidajen abinci a Wagadugu. Ba mu musanta ba. Abin takaicin shi ne, da kasuwa ta ja baya, 'ya'yanmu na Zango masu wanke-wanke da kai abinci ake fara sallama, ko a riƙe musu albashi.

Tun 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 45,000 ne a wata, rajistar ma'aikaci a CNSS kuwa wajibi ce. Muna kira ga sufetocin ƙwadago da su leƙa gidajen nan. Maigidan da ya ci riba shi kaɗai, kada ya ɗora wa yaransa asara.