Allon Bango Ba Ya Tsai da Jini

Akwai wani ra'ayi da ya sami gindin zama a zukatan mahukuntan lafiya da masu rajin kare haƙƙin jama'a, wai babbar alamar asibiti mai riƙon amana ita ce a iske ya kafa allo a sashen agajin gaggawa, an zayyana haƙƙoƙin majiyyaci a kansa, har ya zamana duk inda aka ga allon sai a yi hamdala, inda kuwa ba a gan shi ba a ce an gano tushen cuta. Ni dai ina ganin wannan ra'ayi ruɗi ne, domin ya mai da hankalin mutane kan aiki mafi sauƙi, wanda ƙusa huɗu da takarda ɗaya suke gamawa.

Inda aka fi tsananta wannan al'ada shi ne Amurka, kuma ya kamata a san dalili. A 1986 majalisarsu ta zartar da dokar da ake kira EMTALA, bayan da waɗansu asibitoci suka shahara da tura talakawa zuwa asibitocin gwamnati saboda rashin abin hannu. Dokar ta wajabta wa kowane asibiti mai sashen gaggawa da ke karɓar kuɗin shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya duba duk wanda aka kawo, ya kuma yi masa abin da zai fitar da shi daga haɗari, har da mace mai naƙuda, ba tare da an jinkirta don tambayar wanda zai biya ba. An kuma shar'anta kafa allo a inda masu jira za su gani. Amma abin da ke hana shugaban asibiti barci a can shi ne tara mai nauyi, da tsoron a yanke masa kuɗin Medicare, wanda in ya tsaya asibitoci da yawa sai rufewa. Allon shaida ce kawai a kan hukuncin da ke bayansa.

Mu kuwa a Nijeriya mun ɗauko kube mun bar takobi. Ba a rasa mu da nassi ba: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana kowa agajin gaggawa bisa kowane dalili, ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, wata dokar ta 2017 ta tilasta karɓar wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda, a 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata. Duk da haka, wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa cikin dare ya san kalmomin da ke tarbarsa: a je a yanki kati, a ajiye wani abu tukuna, a sayo safar hannu da ledar ruwa, babu gado. Shin mutumin da ya tallafo mahaifiyarsa tana numfashi sama-sama, zai tsaya karatun bango ne, da Turancin da galibi ake rubuta shi, sa'an nan ya kafa hujja ga wanda ran tsohuwar ke hannunsa?

Ba kuma na ɗora laifin duka a kan malaman asibiti, gama ma'aikaciyar jinya ba za ta ƙara jinin da babu shi a ma'aji ba. Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma wajibi ne. Tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, tanadin kuɗin da za a yi ceton da shi farilla ce a kan hukuma. Ita dokar 2014 ta san haka, shi ya sa ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin agajin gaggawa, wanda kowane mai adalci zai yarda ya yi kaɗan ga ƙasa mai yawan jama'a da haɗarin mota kamar tamu.

Saboda haka ina kira ga masu rangadin asibitoci da su bar ƙirga alluna, su nemi littafin shiga na dare, su bincika mutum nawa aka sallama tun daga ƙofa, da wane uzuri, da kuma ko hukuma ta biya asibitin abin da ya kashe a kan waɗanda ba su da ko anini. In kuwa lalle sai an kafa allon, a rubuta shi da Hausa da ajami inda su jama'a ke karantawa, a sa lambar wayar jami'in da zai amsa da tsakar dare.