MAƘOƘO: GISHIRI YA YI NASA, SAURA GWAJIN JINI

A ranar 25 ga watan Mayu na kowace shekara, ƙungiyoyin likitoci a ƙasashe da dama sukan faɗakar da jama'a game da cututtukan tayirod, watau 'yar tsokar nan da ke kwance a gaban wuya, ƙarƙashin zakaran wuya, wadda in ta kumbura Bahaushe ke cewa maƙoƙo. A Nijeriya ranar takan zo ta wuce ba tare da wani motsi sosai ba, domin an daɗe da ɗauka cewa an gama da batun maƙoƙo tun sa'ad da aka sa aidin cikin gishiri. Babu shakka an ci nasara babba a wannan fage. Sai dai nasarar ta tsaya ne a kan iri guda na cutar, ta bar sauran waɗanda gishiri ba ya maganinsu, waɗanda kuma ba a tabbatar da su sai da gwajin jini, gwajin da har yanzu ya yi wa talaka nisa.

Aikin da gishiri ya yi

Tsokar tayirod ba ta wuce nauyin giram 25 ba a jikin baligi, amma ita ce ke tsara saurin da jiki ke aiki da shi. Tana ɗaukar aidin daga abinci ta haɗa wasu sinadarai biyu da likitoci ke kira T4 da T3, waɗanda jini ke kai wa ko'ina cikin jiki, su daidaita bugun zuciya, da ɗumin jiki, da narkewar abinci, da kuma girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Abin da baligi ke bukata na aidin a yini maikirogiram 150 ne, mace mai ciki kuwa 250, alhali maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne daga cikin miliyan na giram. Watau abin da mutum zai bukata duk tsawon ransa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. In wannan ɗan kaɗan ɗin ya gaza, sai tsokar ta yi ta girma don neman abin da babu, har ta fito fili a wuya.

Aidin yakan yi ƙaranci a ƙasa mai tuddai da wadda ruwan sama ya daɗe yana wankewa, shi ya sa aka san maƙoƙo a wurare irin su tsaunukan Jos da kwarin Binuwai. Wasu abinci kuma sukan ƙara tsananta lamarin. Rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba yana hana tsokar ɗaukar aidin, binciken da aka yi a yankin Darfur na ƙasar Sudan kuma ya nuna gero ma yakan taimaka wa maƙoƙo a inda shi kaɗai ne abinci, aidin kuwa ya yi ƙaranci. Inda aidin ya wadata, babu dalilin gudun fura ko tuwon gero.

Ƙasar Suwizalan ce ta fara sa aidin cikin gishiri a 1922, Amurka ta bi baya a 1924. A 1990 shugabannin duniya suka hallara a birnin New York a kan sha'anin yara, suka ɗauki alkawarin kawar da cututtukan ƙarancin aidin. Ƙididdigar da aka yi a Nijeriya a 1993 ta nuna wajen kashi 20 daga cikin 100 na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo, daga nan Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci, aka kuma ɗora wa hukumar NAFDAC da Hukumar Kula da Ingancin Kaya nauyin sa ido. A 2005 aka amince da Nijeriya a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta cika sharuɗɗan wannan shiri. Duk wanda ya san kasuwannin ƙauye shekaru arba'in da suka wuce zai shaida cewa manyan maƙoƙan da ake gani a da sun ragu ƙwarai.

Cuta biyu masu kishiyantar juna

To, amma kumburin wuya alama ce kawai, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta. Akwai cututtukan tayirod da kan kama mutum ko da gishirinsa cike yake da aidin, mafi yawansu kuwa garkuwar jikin mutum ce kan juya ta afka wa tsokar. Mata sun fi maza kamuwa ninkin-ba-ninkin, musamman a shekarun haihuwa da watannin bayan haihuwa.

Iri na farko shi ne tsokar ta wuce gona da iri wajen aiki. Mafi sanuwa a nan ita ce cutar da likita Robert Graves na ƙasar Ailan ya bayyana a 1835. Mai ita yana ci da yawa amma yana ramewa, gabansa na faɗuwa, hannunsa na karkarwa, gumi ba ya yanke masa, barci ya ƙaurace masa, wani lokaci idanunsa su firfito. Iri na biyu kuwa tsokar ce ke yin sanyi, kamar a cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Mai ita yana fama da kasala da jin sanyi, jikinsa na ƙara nauyi, fatarsa na bushewa, bayan-gida na yi masa wuya, mantuwa ta yi yawa, mace kuma al'adarta ta rikice, ko haihuwa ta yi wuya, ko ta riƙa yin ɓari. Akwai kuma ƙullutu da kan fito cikin tsokar, wanda mafi yawansa ba shi da haɗari, amma kaɗan daga ciki ciwon daji ne.

Abin lura shi ne maganin iri na farko guba ne ga mai iri na biyu, haka kuma na biyu ga mai na farko. Ga shi kuwa duka biyun suna iya zuwa da kumburin wuya, suna kuma iya zuwa ba tare da shi ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Doguwar hanya zuwa ga likita

Saboda alamomin sun yi kama da na wasu cututtuka, majinyaci yakan daɗe yana yawo kafin a gane abin da ke damunsa. Mai rama da gumi sai a ce taifod ce ko zazzaɓin cizon sauro, ya sha magani a kemis sau da yawa. Mai faɗuwar gaba a ce hawan jini ne kurum. Matar da ta yi sanyi a ce lalaci ne ko damuwar gida, wadda ta firgice kuma a ce iska ce ko sammu. In wuya ya kumbura, a wasu wurare har yanzu akan kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya, alhali kuwa tsokar cike take da jijiyoyin jini, kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna nan kusa da ita.

Abin da ke raba gardama gwaji ne mai sauƙi. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke fitar da sinadarin TSH, wanda ke ba tayirod umurnin aiki. In tayirod ta yi sanyi, TSH yakan hau domin ya zaburar da ita, in kuwa ta yi zafi sai ya sauka ƙasa ƙwarai. Saboda haka ɗan jinin da aka ɗiba a hannu, aka auna TSH da T4, ya isa ya nuna wa likita inda aka dosa. In akwai ƙullutu, sai a ɗauki hoton wuya da na'urar sikanin, in ya zama dole a tsotso ɗan abin da ke ciki da siririyar allura a duba ko daji ne.

Matsalar ita ce inda ake samun gwajin. Asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos, suna da ɗakunan gwaji da ƙwararru, haka ma wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu a manyan birane. Mutumin karkara kuwa sai ya haɗa kuɗin mota, da na kwana, da na gwaji, kafin a zo ga na magani. A ƙasar da fiye da kashi 70 daga cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, wannan kaɗai ya isa ya mayar da mutane da yawa gida. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, kayan gwaji da magungunan da ake shigowa da su suka ƙara tsada. Bugu da ƙari, a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci wajen 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar. Ƙwararru kan wannan fanni da ma can ba su da yawa.

Magani akwai

Abin takaici shi ne waɗannan cututtuka suna cikin masu jin magani. Wanda tsokarsa ta yi sanyi ƙwaya ɗaya ta Levothyroxine yake sha kowace safiya kafin karin kumallo, a sake gwada jininsa bayan mako shida zuwa takwas har a daidaita masa adadi, galibi kuma zai ci gaba da sha duk tsawon ransa, yana harkokinsa kamar kowa. Wanda tasa ta yi zafi akan ba shi Carbimazole na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da Propranolol don lafar da bugun zuciya. Lalle ne mai shan Carbimazole ya sani in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama shi, ya dakatar da maganin ya nemi gwajin jini nan take, domin a wasu mutane ƙalilan yakan rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.

In ƙwaya ta kasa, akwai aidin mai tururin nukiliya, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1941, wanda kuma a Nijeriya aka fi saninsa a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Akwai kuma fiɗa, wadda likitan Suwizalan Theodor Kocher ya kyautata har ya sami lambar Nobel a 1909. Ita fiɗa tana bukatar gwani, domin jijiyar murya tana ratsawa ta bayan tsokar, ba a kuma yin ta sai an fara kwantar da cutar da magani. Barin cutar kuwa yana da nasa farashin: zuciya takan gaji, ƙashi ya yi rauni, ciki ya zube. Wasu daga cikin masu koma-baya waɗanda suka daina shan magani ne da zarar sun ji sauƙi, ko kuɗi ya yanke.

Jarirai ma suna cikin lissafi. Wajen ɗaya daga cikin 2,000 zuwa 4,000 akan haife shi da tsokar da ba ta aiki. In an gane cikin makonnin farko aka fara magani, yaron zai tashi lafiya lau, in an makara kuwa ƙwaƙwalwarsa ta naƙasa ke nan har abada. Ƙasashe da dama sun fara gwada ɗigon jinin kowane jariri tun shekarun 1970, amma a Nijeriya ba a mayar da wannan ƙa'ida a dukan asibitoci ba.

Abin da ya rage ga mahukunta

Da farko, ya kamata gwamnatocin jihohi su sa gwajin TSH a kowane babban asibiti, ko kuwa a tsara yadda za a riƙa ɗibar jini a ƙananan asibitoci ana aikawa birni, sakamako ya komo, maimakon majinyaci ya yi tafiyar. Na biyu, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, saboda haka wajibi ne hukumomin inshora na tarayya da na jihohi su tabbatar gwajin da magungunan suna samuwa ga masu rajista a aikace. Na uku, a koya wa jami'an lafiya na karkara da ungozoma su tuna da tayirod in sun ga rama marar dalili, ko ɓari a kai a kai. Na huɗu, kada a yi sakaci da gishiri: wanda ake shanyawa a buɗe a kasuwa yana asarar aidin, na gargajiya kuma irin na Keana da Awe da Bilma galibi ba a sa masa.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 daga cikin 100 na kasafin kuɗi don kiwon lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta kai ga wannan adadi ba. Ma'aikata da ɗalibai su ne idon danginsu na karkara, su ake tambaya in ciwo ya gagara. Shawarar da ta fi amfani ga mai kumburin wuya, ko mai rama da faɗuwar gaba, ita ce ya je asibiti a gwada jininsa kafin ya haɗiyi kowace irin ƙwaya.