Filin Zane: Allin Launi da Shirin Shiga Gasa

 A wannan mako za mu tattauna kan wani kayan zane da ake kira fastel, wanda mu a nan za mu riƙa ce masa allin launi, da kuma yadda mai aiki da shi zai shirya wa gasa. Da yawa daga cikinku kun taɓa riƙe shi a ajin zane, kun ɓata hannu da rigar makaranta, kun ɗauka kayan wasan yara ne. To ku saurara ku ji darajarsa.

A watan Mayu na shekarar 2012, an yi gwanjon wani zane a birnin New York na ƙasar Amurka, aka saye shi a kan kuɗi kusan dala miliyan 120. Wani mutumin ƙasar Norway mai suna Edvard Munch ne ya zana shi a 1895, zanen wani mutum da ya dafe kunnuwa yana ihu a kan gada. Da allin launi aka yi shi a kan kwali. Ba na faɗi haka ba ne don ku fara lissafin kuɗi. Na faɗa ne don ku daina raina abin da ke cikin jakarku.

Shi allin launi garin launi ne tsantsa da aka kwaɓa da ɗan abin da zai riƙe shi, aka mulmula kamar allin rubutu, aka shanya. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka daɗe ana riƙe shi da su shi ne ƙaro, wato dai wannan ƙaron da ake samu a jikin itacen dakwara a Barno da Yobe da Jigawa, wanda malamanmu na allo ke zubawa a tawada don ta kama. Ƙasar Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Idan ƙaron ya yi kaɗan, allin zai yi laushi, launinsa ya fito sosai, amma yana saurin karyewa. Idan ya yi yawa, allin zai yi tauri, ya dace da jan layi siriri. Akwai kuma wani iri na daban da ake haɗawa da mai da kakin zuma ko makamancinsa, wanda ba ya ƙura. Wani kamfanin Japan mai suna Sakura ne ya fito da shi a 1925 domin yaran makaranta, sannan a 1949 kamfanin Sennelier na Faransa ya yi wani mai inganci saboda buƙatar shahararren mai zanen nan Picasso. Ku riƙe wannan bambanci tsakanin busasshe da mai maiƙo, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar gasa.

'Yan mata, ku matso kusa. Wadda ta fara ɗaukaka allin launi a Turai mace ce, sunanta Rosalba Carriera, an haife ta a birnin Venice na Italiya a 1673. Ta je birnin Faris a 1720, ta zana sarkin Faransa Louis na 15 yana yaro, kuma a wannan shekarar aka karɓe ta a babbar majalisar masu zane ta ƙasar, a zamanin da mata ƙalilan ne ke samun wannan matsayi. Bayanta aka yi Maurice Quentin de La Tour, wanda zanensa na allin launi ke ajiye har yau a gidan tarihi na Louvre, sama da shekara 250 ke nan, launin bai dusashe ba. Sai Edgar Degas, wanda ya rasu a 1917, shi kuma ya ƙware wajen jera launi bisa launi har aikin ya yi kauri. Dalilin da ya sa waɗannan zane-zane suka daɗe da haskensu shi ne babu man da zai tsufa ya yi rawaya kamar yadda fentin mai ke yi. Amma rauninsu ɗaya ne: garin yana zaune ne kawai a bisa takarda, ɗan yatsa ɗaya na iya share aikin mako guda.

Masu wannan sana'a suna da ƙungiyoyinsu. Ta Faransa an kafa ta a 1885, ta Ingila a 1898, kuma duk shekara tana baje kolin ayyuka a zauren Mall Galleries da ke Landan, inda wanda ba ɗan ƙungiya ba ma zai iya aika aikinsa a tantance. Ta Amurka wata mata mai suna Flora Giffuni ce ta kafa ta a 1972 a New York. A nan gida Najeriya kuwa, akwai gasar matasa masu fasaha da ake kira Life In My City, wadda aka fara a Inugu a 2007, ana yin ta duk shekara, kuma matasa daga sassan ƙasar nan suna shiga. Ƙasa da wannan akwai gasar makarantu da ta jihohi, waɗanda su ne matakin farko ga mafi yawanku. A yau kusan duk manyan gasar nan da hoto ake fara tantancewa ta intanet, don haka nisan Gusau ko Damaturu daga Landan ya daina zama hujja.

To me ke kayar da ɗalibi a gasa? Sau da yawa tun kafin alƙalai su kalli kyan aikin an riga an cire shi, saboda mai shi bai karanta ƙa'ida ba. Misali, ƙungiyar Ingila tana karɓar busasshen alli da mai maiƙo, har da gawayi da fensir. Ta Amurka kuwa busasshen take karɓa, ba ta karɓar mai maiƙo. Ka ga wanda ya kwana bakwai yana aiki da irin da ba a so, ya yi asarar ƙarfinsa da kuɗin rajista. Saboda haka kafin ka ɗora alli a takarda, ka nemi amsar tambayoyi biyar: wane irin kayan aiki aka yarda da shi, wane girman takarda, wane jigo aka bayar, shekara nawa ake so mai shiga ya kasance, kuma yaushe za a rufe karɓa. Ka rubuta su a bangon littafinka. Idan Turancin takardar ya yi maka nauyi, ka kai wa malaminka ya warware maka.

Abu na biyu shi ne kwafi. Yanzu da waya ta wadata, ɗalibi zai sauke hoton wani daga intanet, ya kwaikwaye shi tsaf, abokai su yi ta tafi. Wajen koyon hannu babu laifi a yi haka a gida. Amma yawancin gasa sun shar'anta cewa aikin ya zama naka tun daga tushe: ko ka zana abin da ke gabanka, ko ka yi aiki da hoton da kai ka ɗauka. Alƙalai sun ga dubban hotuna, kuma akwai manhajar da ke gano asalin hoto cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda aka kama, a ƙwace kyauta, sunan makarantarsu ya ɓaci. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Haka nan wanda yayansa ko malaminsa ya gyara masa rabin aikin. Ko ya ci, ranar da aka ce ya zauna ya zana a gaban mutane asirinsa zai tonu.

Wani zai ce, to me zan zana a garinmu da zai burge alƙali? Wannan tambaya an amsa ta a Zariya tun 1958. A lokacin wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane. Ra'ayinsu shi ne su koyi dabarun da malamansu Turawa suka zo da su, amma su cika ayyukansu da abin da suka gada a gida. Dukansu sun zama manyan masu fasaha da duniya ta sani. Kai ma abin da ka fi kowa sani shi ne jarinka. Dubi shuɗin baba a marinar Ƙofar Mata a Kano, da jan barkono da aka shanya a kan rufi, da hazon hunturu lokacin da rana ke zama kamar farin faifai, da zanen dagi a bangon gidan sarki, da tulin tumatir a kasuwa da sassafe. Allin launi ya fi kowane kayan aiki iya kama hazo da ƙura, domin shi kansa ƙura ne. Wanda kuma a gidansu ba a son zanen abu mai rai, duk waɗannan da na lissafa sun ishe shi aikin shekara ba tare da ya saɓa wa iyayensa ba.

Sai maganar kuɗi, domin na san akwatin alli mai kyau ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Kada wannan ya tsayar da kai. Launi goma sha biyu sun isa farawa, kuma kana iya haɗa naka. Samo jar ƙasa mai kyau, ka daka, ka tankaɗe da ƙyalle mai laushi har ta zama kamar garin kwalli. Jiƙa ɗan ƙaro a ruwa mai yawa ya kwana, ka tace. Ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan a garin kana murzawa har ya yi kamar ƙullun fura, ka mulmula shi tsawon ɗan yatsa, ka shanya a inuwa kwana biyu ko uku. In kana son launin ya yi haske, ƙara farar ƙasa ko garin allin makaranta. Gawayi zai ba ka baƙi. Idan ya bushe ka ga yana karce takarda ba ya barin launi, ƙaro ya yi yawa, sai ka ƙara ruwa a na gaba. Idan yana rugujewa a hannu, ƙaron ya yi kaɗan.

Takarda kuma sai mai ɗan kaushi, domin kaushin ne ke riƙe garin. Takardar littafin rubutu ta yi santsi. Takardar buhun siminti da aka karkaɗe ta yi tsabta tana da kyau wajen gwaji, kuma launinta na ƙasa-ƙasa yana sa fari da rawaya su fito. Ka fara da launuka masu duhu, ka bi da masu haske a kai, farin ƙarshe ya zama shi ne abin da za ka sa daga baya. Kada ka danna da ƙarfi tun farko, don idan ramukan takardar suka cika ba za ta ƙara karɓar komai ba. Ka rage yawan murzawa da yatsa, yana kashe launi ya mai da shi kamar laka. Ƙurar da ta taru kuma kada ka hure ta da baki, za ka shaƙe ta. Ɗaga takardar ka ɗan buga bayanta a waje, sannan ka wanke hannu kafin cin abinci.

Idan aiki ya kammala, sauran kiyaye shi. Kada ka naɗe shi kamar tabarma, kada ka cusa shi a jaka tare da littattafai. Rufe fuskarsa da takarda mai santsi, ka manne gefenta don kada ta riƙa gogawa, ka sa shi tsakanin kwali biyu masu ƙarfi. In za a sa shi a gilashi, a bar ɗan rata tsakanin gilashin da zanen. Wasu na fesa masa maganin gyaran gashi don ya kama, amma wannan yana duhunta launi, kuma da daɗewa yakan sa takarda ta yi rawaya. Da damina a nisanta shi da bango mai danshi saboda fumfuna.

Hoton da za ka aika shi ne wakilinka a gaban alƙalai. Ɗauke shi da rana a inuwa, ba tare da fitilar waya ba. Wayar ta fuskanci zanen sosai kada ta karkace, a yanke duk abin da ke gefe, kuma kada a ƙara masa launi da manhaja. In aka zaɓe ka aka ga ainihin aikin ya bambanta da hoton, za a iya mayar maka da shi.

Ku kuma yi hattara da 'yan damfara. Akwai masu tallata gasar ƙarya a Facebook da WhatsApp, su karɓi kuɗin rajista su ɓace. Gasar gaskiya tana da masu shiryawa da aka sani, da sunayen alƙalai, da ayyukan waɗanda suka ci a baya. Duk wanda ya ce ka ci kyauta amma sai ka biya kuɗi kafin a ba ka, ɓarawo ne. Kada ka tura kuɗi ko hotonka ko adireshin gidanku sai da sanin iyaye ko malami.

In ka shiga ba ka ci ba, kada ka jefar da alli. A kowace gasa waɗanda ba su ci ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma wani lokaci aikin da wannan alƙali ya tsallake shi ne wani zai zaɓa. Abin da za ka yi shi ne ka kalli ayyukan da suka yi nasara da idon mai koyo: ina suka sa haske, ina suka sa duhu, me suka bari ba su zana ba? Sannan ka riƙa rubuta kwanan wata a bayan kowane zane naka kana ajiyewa. Bayan wata shida ka jera su a ƙasa, da idonka za ka ga inda ka ci gaba da inda hannunka ke maimaita kuskure ɗaya.

Ga aikin wannan mako. Ku samo tulu ko ƙwarya, ku ajiye kusa da taga. Ku zana shi da safe da launi uku kacal: mai duhu, matsakaici, da mai haske. Da la'asar ku sake zana shi a wurin da yake, ba tare da kun motsa shi ba. Ku jera zanen biyu, ku duba yadda inuwa ta sauya wuri, ku kai wa malamin zane ya duba muku ranar Litinin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.